Inda Nomau Ya Zubar Da Dakashi

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada kowa ya ce mini ta zo mu ji ta. Labarin autana ne, Nomau. Ni na haife shi, ni na goya shi, saboda haka ni ke da ikon faɗin gaskiya a kansa: Nomau wawa ne. Ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya fashin salla, gonarsa kuma ta fi ta kowa tsabta a Tungar Marke. Amma magana idan ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama, ba ta lanƙwasa. Yana ɗan shekara goma na ce ya kashe wuta, ya ɗauko taɓarya ya yi ta dukan murhu har ya fasa mini tukunyar miya. Yanzu ya haura talatin, bai sake hali ba.

A lokacin mu uku ne a gidan: ni, da shi, da matarsa Kyallu, sai akuya guda mai baƙin kunne. Ba don mutuwa ba, da mu biyar ne. Sau biyu Kyallu tana haihuwa, sau biyu muna binnewa kafin arba'in. Gudawa ce ta ɗauke su duka, mace da namiji. Da ta sami ciki na uku ba wanda ya yi guɗa. Addu'armu guda ce, Allah ya sa wannan ya zauna.

Wata rana, cikin yana wata biyar, maƙwabciyata Tabawa ta ishe ni da zancen wai matan yanzu awo suke zuwa. Na ce, "Kai Nomau, gobe ka kai matarka awo." Goben ta kama ranar kasuwa. Ya sa ta gaba, suka zo ƙofar ɗan asibitin garinmu, tana cewa, "Malam, ga shi nan fa," yana cewa, "Ke dai taho, na san wurin." Bai tsaya ba sai rumfar masu awon hatsi. Ya ce wa mai tiya, "Inna ta ce a auna ta." Mutumin ya dubi tiyarsa, ya dubi Kyallu, ya ce, "Nomau, a cika ta yi tozo ko a shafe?" Kasuwa ta kwashe da dariya. Kyallu ta dawo gida da mayafi a fuska, kwana biyu tana fushi da shi.

Da ƙafata na kai ta a mako na gaba. Malamar asibitin yarinya ce, na yi jika da ita. Ta gama dube-dubenta, ta ce wa Kyallu da zarar ta haihu a sa jariri a nono ya sha dakashi, wato nonon nan na farko mai kauri, rawaya-rawaya. Kada a ba shi ruwa, kada a ba shi zuma, kada a ba shi nonon dabba. Na ce, "'Yar nan, haihuwarki nawa?" Ta ce ɗaya. Na ce, "Ni tara." Ban gaya mata huɗu suna ƙasa ba. Mu abin da muka taras shi ne dakashi ƙazanta ne, a tatse a zubar, a riƙe yaro da zuma da nonon akuya har kwana uku, farin nono ya zo. Haka aka yi mini, haka na yi wa jikokina biyu da hannuna. A hanya na ce wa Kyallu ta bar maganar nan inda ta ji ta. Ta ce, "To, Inna."

Wata rana, ciki ya tsufa, na ce, "Nomau, kada ka yi nisa kwanakin nan, matarka ta kusa sauka." Ya fita. Can sai ga shi da tsanin hawa rumbu, ya jingina a ƙofar ɗakinta.

"Wannan fa na mene ne?"

"Kada ta diro, Inna, ga nauyi a jikinta."

"A ina ka ga ta hau?"

"Ban gani ba. Shi ya sa na shirya."

Mako biyu cur, duk inda Kyallu ta nufa, madafa ko bakin rijiya, yana biye da ita da tsani a kafaɗa.

Wata rana, Laraba da hantsi, Kyallu ta sauka, ba ta nemi tsani ba. Namiji, jajir, da murya kamar ta ladan. Tabawa ta yanke cibi, muka wanke shi. Na leƙo tsakar gida na ce, "Nomau, ruga gidan Jatau mai amya ka samo zuma kaɗan, maza." Shiru, shiru. Sai ga shi fuska ta kumbura, ido ɗaya ya rufe, da gora a hannu an toshe bakinta da tsumma. Ina zare tsumman, sai zuma huɗu suka fito da ransu, ɗaya ta sami Tabawa a tsakiyar goshi. Ya ce, "Kin ce kaɗan, Inna. Da yawa suka biyo ni, na ce musu huɗu sun isa." Jatau ba ya gida, zuman lasa kuwa ko ɗigo ba mu gani ba. Tabawa ta tafi gidanta riƙe da goshi tana ja mini Allah ya isa.

Na haɗiye fushina na miƙa masa ƙwarya. Akuyarmu ta haihu mako guda kafin nan, hantsarta cike. Na ce, "Tatso akuyar nan, ɗan da aka haifa yana jin yunwa." Na koma ɗaki ina jijjiga jariri. Da jiran ya ishe ni na zagaya turke, na tarar da Nomau a durƙushe, ya riƙe wa akuya ƙafa, ɗanta yana ta tsotso, cikinsa ya yi tulu-tulu. Ƙwarya tana gefe a kife.

"Ina nonon?"

"Ya shanye. Na fara tatsa masa a ƙwarya, ya ƙi, na jikin uwarsa yake so."

"Ɗanka nake nufi, shashasha!"

"Kin ce ɗan da aka haifa. Shi ma ai haifarsa aka yi, Inna, ba tsinto shi aka yi ba. Kuma shi ne babba."

Na matsa hantsar nan da hannuna, ba komai.

Azahar ta kawo kai, yaro yana ta tsala kuka, bai sa komai a baki ba. Na zauna na tatse dakashin Kyallu a wani sabon ɗan ƙoƙo, bai fi cokali uku ba. Ta juyar da kai bango, hawaye na zuba. Na fito na danƙa wa Nomau ƙoƙon, na gindaya masa sharuɗɗan da za su raba ni da shi har magariba. Na ce, "Ka zubar da wannan inda rana ba ta gani, ƙafa ba ta takawa, tururuwa ba ta kaiwa. Ka ji?" Ya maimaita su uku a yatsu. Ni kuma na yafa gyale na nufi gidan Tabawa roƙon nonon akuyarta, na san sai na sha zagi kafin ta ba ni.

Abin da ya faru bayan fitata, daga bakinsa na ji daga baya. Ya je bayan rumbu, ga tururuwa. Ya je ƙarƙashin marke, ga sawun tumaki. Ya leƙa rijiya, ya ga rana a ciki tana kallonsa. Ya gwada ramin ɓera, ya tuna ɓera ma da ƙafa yake shiga. Ya dawo gida a gajiye da ƙoƙo a hannu, ya tsaya ƙofar ɗakin Kyallu don ya tambaye ni ko zan rage masa sharaɗi ɗaya. Ba na nan. Sai ɗansa a kan shimfiɗa, ya wage baki iya ƙarfinsa. Nomau ya sunkuya ya leƙa da idon da ya rage masa. Ciki duhu. Ba sawun kowa. Ba tururuwa ko ɗaya.

Ya ce, "Kyallu, na samu wurin."

Ta ce, "Wane wuri, Malam?"

Ya lissafa mata sharuɗɗan, ya nuna bakin yaro. Kyallu ba wawuya ba ce. Ta dube shi ta ce, "Inna ce ta faɗa da bakinta?"

"Da bakinta."

"To wa ya isa ya ƙetare maganar Inna? Ajiye ƙoƙon, ya sha yawo. Ga saura nan a jikina, a zubar da shi gaba ɗaya."

Na dawo da nonon akuya a ƙwarya, na sa ƙafa a zaure, na ji gidan tsit. Sau biyu na taɓa jin irin wannan shirun a gidan nan, na san abin da ya biyo baya. Na dafa bango, na ja jiki zuwa ɗakin ina salati. Kafin in ɗaga labule na ji wata 'yar ƙara, cuk, cuk, cuk. Na leƙa. Yaro na manne a ƙirjin uwarsa, ɗan hannunsa a dunƙule, yana haɗiya. Nomau na tsugune a bakin ƙofa yana washe baki da kumburarriyar fuska.

Sai da numfashina ya dawo sannan fushi ya zo. Na ce, "Me ka aikata?"

"Na zubar, Inna. Rana ba ta gani."

Na buɗe baki.

"Ƙafa ba ta takawa."

Na dubi Kyallu. Ta sunkuyar da kai, amma hannunta bai saki yaron ba, kuma na ga ba ta da niyyar saki.

"Tururuwa kuwa, ina nan ina gadi."

Na juya sharuɗɗan nan uku ta kowace fuska, ban sami inda ya saɓa ba. Na ce a raina, ya riga ya sha, sai mu jira abin da zai zo. Na miƙa wa Nomau ƙwaryar na ce ya mayar da nonon inda ya fito. Har la'asar yana turken Tabawa yana lallashin akuya ta tsaya.

Na jira gudawa ranar Alhamis, ba ta zo ba. Na jira Juma'a. Kullum ni ke duba tsummansa da kaina, har Kyallu ta fara dariya a ɓoye. Ranar suna aka raɗa masa Haladu. Ya yi arba'in, na yanka zakara. Ba ruwa, ba zuma, ba akuya, sai uwarsa. Da muka kai shi rigakafi malamar ta ɗora shi a ma'auni ta ce, "Inna, kin ji maganata ke nan." Na ce, "Ban ji ba. Wawan ɗana ne ya ji tawa."

Biyun da muka binne, ban ce nonon akuya ne ya kashe su ba, rai na Allah ne. Amma na san ƙwaryar da na ba su da ita, na san ruwan da na wanke ta da shi, na kuma san hannuna ne. Wannan ina ɗauke da shi, ba na neman kowa ya sauke mini.

Haladu yanzu shekararsa huɗu, shi ke korar akuya daga shanyata. Matan unguwa idan an yi haihuwa suna aiko wa su tambaye ni, a matsayina na tsohuwa, ina ake zubar da dakashi. Amsata ba ta canja ba: inda rana ba ta gani, ƙafa ba ta takawa, tururuwa ba ta kaiwa. Wadda ta gane, ta gane. Wadda ba ta gane ba, sai in aika mata Nomau ya nuna mata.