Ranar da Na Yi wa Wuƙar Japan Gyara

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Kawu Sale a Rogo ba, kuma ko na so in manta, matan gidan ba za su bari ba. Har yanzu in na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti sai ranar ta faɗo mini a rai.

Anti Murja, matar ƙanin babanmu, ita ce mai girkin biki. Sana'arta ke nan a Kano, kuma ta ce za ta ɗauki yarinya ɗaya a dangi ta koya mata. Ni da na gama sakandare ina zaune a Karaye ina ƙirga kajin Inna, ai kun san yadda na ƙwallafa rai. Tun da muka sauka nake bin ta kamar jela.

Tana da wata wuƙa da take naɗewa a ƙyalle kamar jaririya. Wai daga Japan take, sunanta santoku, ita kaɗai tana yanka nama da kifi da kayan miya. Faffaɗa ce, ga sirantar baki. Anti ta kafa mata dokoki: ba a sara ƙashi da ita, ba a barin ta a ruwa, ana wankewa a goge nan take, kuma dutsen wasa ta ma na musamman ne, sai an jiƙa shi. (A gidanmu wuƙa ɗaya ce ke fere rogo, ta kankare tukunya, ta buɗe gwangwani, ba ta taɓa ƙorafi ba.)

Da za su tafi wajen kamu sai Anti ta miƙo mini wuƙar, ta ce in wanke in adana. Ni kuwa ga ƙafar akuya a faranti tana kallona. Na ce bari dai in gwada abin da ake ta yabo. Na ɗaga na sara, na ƙara.

Sai da na wanke na ɗaga ta a rana na ga abin da ya tsinka mini zuciya: wasu ƙananan ramuka jere a gefenta, tun daga gindi har baki. Na ce shi ke nan, ƙashi ya lotsa wuƙar mutane, Kano ta wuce ni. Nan take na nufi bakin rijiya, inda kowace mace a gidan take wasa wuƙarta a kan siminti. Na kwantar da ita na dinga gurzawa ina salati. Gumi har cikin ido. Ramukan suka fara shafewa, ni kuma har da jin daɗi.

A haka suka dawo suka same ni, mata cike da tsakar gida. Anti ta karɓi wuƙar, ta juya ta. Na rantse mata saura kaɗan ramukan su ɓace duka.

"Ke 'yar nan," ta ce a hankali, "da su aka ƙera ta. Don kada dankali ya manne in ana yanka. Ramukan nan su na saya."

Sai Kaka ta leƙo daga ɗaki ta ce a ɓoye mata matankaɗi da gwagwa, kada in gan su in toshe. Gida ya ɗauki dariya. Ni dai da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja rijiyar in rufe.

Ban yi barci ba, ina jiran hukunci. Da safe Anti ta ce in haɗa kayana. Wai hannun da ya iya cinye ƙarfen Japan da siminti, gindin tukwanenta sun daɗe suna neman irinsa.

Ina Kano yanzu. Soson ƙarfe ne abokin aikina, wuƙa kuwa daga nesa muke gaisawa. Abin da na koya shi ne, in kin ga rami a kayan da ba naki ba, ki fara tambaya. Wataƙila da kuɗi aka haƙa shi.