Barkar Da Na Yi Wa Mijin Malama

Ba zan taɓa mantawa da makon da shafina ya cika maƙil da baƙi ba, kuma ba don alheri suka zo ba. Har yau in na bi ta Ƙofar Marusa na hango firamaren da muke ɗaukar darasi, sai dariya da kunya su taso mani tare, in ja mayafi in ƙara sauri.

Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da ɗiyata ta fari. Da la'asar muke zuwa bayan yara sun tashi, mu matsu a bencinsu gwiwoyinmu na dukan tebur. Malama Rifkatu ce ke koyar da mu, 'yar kudancin Kaduna, doguwa, mai magana a hankali kamar tana gudun tada mai barci. Ni kuwa kowa a unguwa ya san bakina. Ranar farko na gaya mata ban zo a maida ni yarinya ba, in ta ɗaga mani murya zan kama gabana. Ta ce to, ta miƙo mani alli. Haka ta yi ta fama da ni har Hausa ta zauna, na tsinci Turanci daidai na karanta takardar asibiti. Mijinta, wanda duk muke kira Baba, shi ke zuwa ɗaukarta a tsohon babur. Sai ya tsaya bakin taga yana tsokanarmu, wai bai taɓa ganin 'yan makarantar da suka girmi hedimasta ba. Kwanaki ne masu daɗi, wallahi.

Da karatu ya kama sai na sa aka buɗe mani shafi a yanar gizo, ina rubuta girke-girke: dambun shinkafa, alkaki, kwaɗon rama, yadda ake miyar kuka ba ta yi gudaji ba. Amare suka yi ta shigowa kamar ana rabon zakka. Ana nan sai raina ya fita daga tukunya. Na ce duk faɗin Katsina wace ce ba ta iya tuwo ba? Na ajiye girki, na koma rubutu kan karatun manyan mata, yadda za ki shawo kan maigida, yadda za ki toshe kunne daga dariyar jikoki. Na ɗauka za a yi mani tafi. Shafi ya koma kamar kasuwa ranar da ba ta ci. (Wata ma rubuto mani ta yi: "Hajiya wa'azin ya isa haka, ina miyar taushe?")

Ƙawata Hajiya Turai, mai sayar da atamfa ta waya, ita ta ba ni shawara. Ta ce harkar nan biki ce, in ba ki je na mutane ba, ba mai zuwa naki. In riƙa shiga dandalin sada zumunta, duk inda na ga an taru ƙarƙashin hoto in yi barka, in bar adireshin shafina. Ta kuma nuna mani yadda ake ajiye saƙo ɗaya a riƙa manna shi, ba sai an sake rubutawa ba. Nawa saƙon ga shi, har gobe na haddace: "Masha Allah, abu ya yi kyau! Allah Ya maimaita mana. A leƙo shafina, akwai abubuwa masu daɗi." Na ƙara da furanni da ɗan hoton nan na mace mai rawa da jar riga.

Kullum bayan kari sai in miƙe ƙafa a tabarma in shiga yawon biki da babban yatsa. Suna, sabon shago, an gama makaranta, an sayi mota, duk na manna. Masu shigowa suka fara ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kaina kuma ya fara girma da yawa-yawa.

Wata safiya na ci karo da fostar da Rahila, ɗiyar Malama, ta sa. Baba ne cikin kwat, yana wannan murmushin nasa, an kewaye shi da fararen furanni, ga rubutun Turanci mai lanƙwasa a sama. Jama'a kuwa sun yi dafifi a ƙasa. Na ce kai, Baba an yi ritaya, ko kuwa ranar haihuwa ce. Ban karanta ko harafi ba. Na manna, na wuce, har ina jin daɗin na samu taro mai albarka.

Kafin azahar shafina ya ɗauki mutanen da bai taɓa gani ba ko a zamanin alkaki. Na yi ta safa da marwa a tsakar gida ina gaya wa maigida ya fara girmama ni.

Washegari wata da muka yi aji tare ta kira ni ta ce Baba ya rasu. Na yi salati, na yi hawaye na gaske, amma ko kusa ban kawo cewa fostar nan ta rasuwa ce ba. (Ku yi mani adalci: mu in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi. Ina muka san sanarwar mutuwa da furanni da murmushi?) Har cewa na yi, Allah sarki, jiya-jiya ake shagalinsa.

Na dafa abinci na ɗauka sai gidan Malama. An kafa rumfa, matan cocinsu na zaune suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ina shiga na ga ana taɓa juna, na ji wata ta ce, "Ita ce mai shafin." Ku ji ni da kyau: daɗi na ji. Na gyara mayafi, na ɗan sunkuyar da kai irin na manyan da ba su son a gane su a wurin makoki. Har hannu na ɗaga wa wasu 'yan mata da ke kallona suna duba waya.

Sai na ɗago ido. Ga fostar nan an buga ta ƙatuwa a jikin bango, kwat ɗin, furannin, murmushin. Wannan karon na karanta, a hankali, yadda aka koya mani. Ranar haihuwa, ranar rasuwa, ranar da za a kai shi gida a binne. Na tuna mace mai jar riga tana can tana rawa ƙarƙashin gawar Baba, da sunana a kai.

Na so juyawa, amma Rahila ta riga ta gan ni. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta dai nuna mani ɗaki. Malama na zaune a katifa, idanu sun kumbura. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba in ba iyayena ba, sai ga ni gwiwa biyu. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada matar da ta buɗe mani ido ta ɗauka na yi wa mutuwar mijinta dariya.

Ta dube ni ta ce, "Hajiya, na ga addu'arki. Maimaitawar dai ki yi mani rangwame, shi kaɗai gare ni."

Wata tsohuwa a gefe ta tuntsire, ɗakin duka ya ɗauka, har Malama tana dariya tana share hawaye. Rahila ta ce mani daga baya uwarta ba ta ko murmusa ba tun da aka yi rasuwar sai ranar. Da aka lafa, Malama ta kamo hannuna ta matso da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Ban ji haushi ba, na san zuciyarki. Amma ni na koya maki karatu. In aka ce ba ki karanta ba, ni aka zaga."

Da ta mare ni da ya fi mani sauƙi.

A nan zaune na goge saƙon, amma ina amfani, an riga an ɗauki hotonsa ya zaga gari. Mafi yawan baƙin makon nan zagina suka zo yi, kuma sun yi, na karanta kowanne har ƙarshe. Kaɗan daga ciki suka tsaya, wasu mata har suka tambayi inda ake rajistar ajin manya. Da su shafin ya sake tashi, a hankali, ba manne-manne.

Malama ta koma garinsu bayan ta ajiye aiki, ajinmu kuma an maida shi ɗakin ajiya. Ina kewarta ƙwarai. Abin da na koya dai shi ne, yanzu in na ga hoton mutum yana murmushi, sai na karanta daga sama har ƙasa, in kira wani in tabbatar mai hoton yana numfashi, sannan in ce masha Allah. Masu ranar haihuwa suna ƙorafin barkata na zuwa a makare. Su yi haƙuri, gara haka.