Ranar da Akka Ta Zauna a Kan Injin Mai Girma

Ku taya ni murna, jama'a, ranar Talata da safe na shiga aikin raya ƙasa har iya ƙirji. Madara uwargida Mumtaj ta aike ni saye. Na naɗe zanena zuwa gwiwa, na ɗauki lema, na kama laluben hanya da ƙafa cikin ruwan da ya kwana uku a layinmu. Ina isa gaban shagon aski sai ƙasa ta ce ba ta san zancen ba. Ko da na ɗago, lema ta yi gabas, takalmi ɗaya ya nufi teku, ni kuwa ga ni tsamo-tsamo cikin sabuwar magudanar nan da aka buɗe mana da ganguna da furanni har sau biyu, sau ɗaya kafin zaɓe, sau ɗaya bayansa. Marfinta ne kawai bai iso ba. An ce yana cikin kashi na biyu na aikin.

Arokiyam masunci, maƙwabcina, yana kan katanga yana kallona kamar ya biya kuɗin shiga.

"Yaya Sikkandar, ka gano inda ta ƙare?"

"Miƙo min hannu, ɗan banza!"

"Don na rage maka wahala ne," in ji shi yana jawo ni. "Mun bi ta da rani. A bayan gidan mai wanki ta tsaya cak, ta jingina da bango. Daga nan zuwa teku sai dai ruwan ya hau mota."

To, kun ji. Kakata, Allah ya jiƙanta, ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, amma ta san da an kashe fitilun bikin shekara, Nuwamba ya shigo, teku zai fara huci, guguwa ta biyo baya. Kunkuru ya sani, hankaka ya sani. Manyanmu ne kaɗai abin ke zo wa ba zata. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin su a rediyo suna cewa ruwan bana ba a taɓa ganin irinsa ba. Mutanen kirki ne, ba sa riƙo a zuci. Ko ruwan bara sun yafe masa, sun manta. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa ranar tafiyar suke kafa kwamitin binciken inda ake shuka duma.

Ni abin da ya same ni wasa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a layinmu ɗakin Ponnammal ne ya fi kowanne gangare. Akka, wato Yaya, muke ce mata duka, don ta girme mu, kuma babu wanda bai tashi da wainar shinkafarta a baki ba. Mijinta, tsoho Tangavelu, shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya ɗaukuwa sai da mutum huɗu, kuma ya rantse ba mai fitar da shi daga ɗakin da ya gina da hannunsa. Mun ɗora gadonsa kan bulo hawa biyu. A safiyar nan yatsa huɗu ne tsakanin ruwa da katifarsa.

Wajen ƙarfe goma sai ga babbar mota. Aka sauke injin zuƙar ruwa, ja wur, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba. Lebura biyu suka ja mesa, aka tayar, ruwa ya fara tsartuwa can bayan titin jirgi. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni kaina, da takalmi ɗaya, na ji kunyar duk abin da na taɓa rubutawa kan hukuma a shafin nan nawa na jarida.

Sannan aka jera buhunan yashi, aka shimfiɗa katako a kai, wakilinmu Mai Girma Gatan Marasa Gata ya sauko daga tasa motar cikin farar riga da farin zane, da takalmin roba mai sheƙi wanda bai taɓa haɗuwa da ruwa ba, kuma ranar ma ba su gaisa ba. Ya kama mesa, aka ɗauki hoto. Ya nuna sama da yatsa, aka ɗauka. Ya ce, "Ko ɗigo ɗaya ba zai kwana a layin nan ba." Muka tafa. Ya shige mota.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba aka kashe inji, aka fara naɗe mesa.

"Lafiya?" na tambayi wani siririn mutum mai jakar takardu a hammata, wanda ga alama shi ne idon Mai Girma.

"Ƙarfe sha biyu zai duba Layin Masu Tukwane," in ji shi. "Dole injin ya riga shi isa."

Ashe injin ɗaya ne tilo. Tun asuba yake yawon gaisuwa unguwa-unguwa, kamar ango.

Ban ga fitowar Akka ba. Na dai gan ta tana keta ruwa da buhun da ta naɗe a hannu. Ta shimfiɗa shi a kan injin, ta dafa kafaɗar lebura ɗaya, ta haye, ta gyara zama, ta harɗe hannuwa.

"Inna, sauko," in ji mai jaka. "Kayan hukuma ne."

"Ni ma kayan hukuma ce, ɗan nan. Sau tara ina shan tawadar zaɓe a yatsa saboda ku."

"Za ki jawo wa kanki magana."

"Mijina na ciki, ruwa na lasar gadonsa. Wace maganar ce ta rage?"

Ya juya ga leburorin ya ce su ɗaga inji da abin da ke kansa. Babban cikinsu ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, matar nan ta san uwata. Kuma ka dube ta da kyau, ka dubi bayana."

Kafin ka ce kwabo matan layi sun kewaye wurin. Mumtaj ta riƙe mata lema, wata ta kawo shayi, wata ma ta zo da farantin furanninta ta ci gaba da kitsa su a tsaye. Wayar mai jaka ta yi ƙara. Duk muka kasa kunne.

"Ranka ya daɗe... A'a, bai lalace ba... Ba a sace ba, ranka ya daɗe... An zauna a kansa ne."

Ya daɗe yana sauraro, kunnensa na ƙara ja. Da ya gama ya dube mu ya yi wani murmushi da ban so ba. "Ku riƙe. Man da ke ciki dai na hoto ne, minti goma." Suka hau motarsu. Aka yi mana sakiyar da ba ruwa, muna tsaye tsakiyar ruwa.

Wa za a aika neman mai? Wa kuwa, in ba mai rubutu a jarida ba, tunda kowa ya san ba shi da aikin yi. Na ɗauki jarka na tafi gidan mai ɗaya da wutarsa ba ta ɗauke ba. Awa biyu ina layi, iska na kaɗa kwanon rufi kamar za ta yi gaba da shi. Da na iso gaba, mai zubawa ya nuna min takarda a bango: an hana sayarwa a jarka, saboda tsaron lafiyar jama'a.

"Kawo abin da za a zuba wa," in ji shi.

"Akwai tsohuwa a kansa."

"To, ku zo tare."

Na dawo hannu na dukan cinya. Na leƙa ɗakin Tangavelu, saura yatsa biyu. Tsohon ya dube ni da rabin bakinsa mai motsi ya ce, "Sikkandar, shekara sittin ina gaya wa mutane gidana na bakin teku. Yau ƙaryata ta zama gaskiya." Na yi dariya don ya ji daɗi, amma da na fito sai da na tsaya na share ido.

Arokiyam na jina ina ba mata labarin yadda aka yi a gidan mai. Kwana huɗu an hana masunta fita, kuma man da ke cikin kwalekwalensa shi ne na ranar da za a buɗe teku; in babu shi, babu kifi, babu tukunya. Ya zagi guguwa, ya zagi hukuma, ya zage ni da na je na dawo ba komai. Sannan ya fizge jarkar daga hannuna ya nufi gaɓa.

Injin ya tashi ƙarfe biyu. Akka ba ta sauka ba, wai kada su dawo. Haka ta zauna yana jijjiga ta, haƙoranta na kaɗawa. Zuwa la'asar dokin ƙofarta ya bayyana. Mu uku muka sauko da ita, ƙafafunta sun yi tsami. Ta shiga ɗaki ta shafa katifar daga kai har ƙafa. A bushe take. Ta zauna a bakin gadon, tsohon ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nata, mu kuma muka ja musu ƙofa.

Washegari ga hoton Mai Girma a shafin farko da mesa a hannu, an ce gaggawarsa ce ta ceci unguwa guda. Na yarda. Da bai yi gaggawar tafiya ba, da ba mu samu wurin zama ba.

Yau da safe kuma sai ga dattawa uku daga Layin Masu Tukwane, da farantin ayaba da ganyen taunawa, kamar masu neman aure. Na ce su yi haƙuri, injin na aiki. Suka ce ba shi ya kawo su ba. Sun ji Mai Girma zai koma wajensu ranar Asabar da injin ba da wuta, shi ne suka zo aron Akka.

Saboda haka ga shawara kyauta ga masu tsara mana rayuwa: baɗi kada a wahala da kwamiti, a raba wa kowane layi tsohuwa ɗaya mai nauyi. Amma don Allah, wanda ya karanta mata shafin nan ya tsallake kalmar nan ta nauyi.