Amanar da Na Bar wa Yaya Sale

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na kai wa yayana amana ba, ko da yake na daɗe ina roƙon Allah Ya mantar da ni. A zamanin da na fara koyarwa a jami'a, idan aka ce haɗin gwiwa da jami'ar waje, ma'anarsa su aiko mana da tsofaffin littattafai a kwali, mu kuma mu aika musu da wasiƙar godiya. Ɗalibi sai ya gama karatun injiniyan lantarki bai taɓa riƙe abin da ya zana a takarda ba. Yau kuwa ɗaliba tana zaune a Kano, abokin aikinta yana Turai, suna duban lambobi ɗaya da wata na'ura ke turo musu daga gona. Na ga lokacin da aka yi wannan sauyi, har da hannuna a ciki, kuma a cikinsa ne na tafka abin kunyar da ya fi kowanne girma a rayuwata.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Mainika, a ƙasar Gwarzo. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, sai Yaya Sale, wanda ya ba ni shekara goma sha biyu, ya ɗauki fartanya ya ce ni in ɗauki littafi. Shi ya riƙa goya ni a keke zuwa bakin titi idan hutu ya ƙare. Daga nan na yi Rasha, na zauna Faransa, na yi koyarwa a Masar, na dawo da harsuna huɗu ban da namu. Duk inda na je sunana Dakta, daga baya Farfesa. Yaya Sale kaɗai ya rage a duniya da ke kirana Auta, ko da furfura ta cika mini gemu. Idan na sauka daga jirgi na kira shi, na ji ya ce, "Auta, an dawo?" sai in san lalle na iso gida.

Ina dab da ritaya aka ƙulla wani aiki tsakanin jami'armu da wasu jami'o'i biyu na Turai. Manufarsa biyu ce. Ta farko, a gwada sadarwa mara waya a gonaki: a kafa ƙananan na'urori a ƙasa su riƙa auna danshi, suna aika sakamakon ta iska zuwa wata eriya, ita kuma ta turo mana jami'a. Ta biyu, a gyara manhajar karatunmu, ɗalibai su daina haddace zane su fita su ga jama'a. A takardar neman aikin akwai babi guda a kan sauraron manoma. (Ni na rubuta shi da hannuna, har aka yaba da kyan Turancinsa.)

Da aka zo zaɓen gonar gwaji, ban bari an yi dogon tunani ba. Na ce ga gonar gidanmu, ga yayana, wa zai fi shi riƙon amana?

Mun je da bazara, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba. Muka kafa dogon ƙarfe a ƙofar gida, da eriya da farantin sola a samansa. Sannan muka shiga gona muka kafa na'urori shida, kowacce kamar turken akuya mai kai kamar sabulun wanka, da batir a ciki da zai kai shekara. Yaya Sale yana biye da mu, hannuwansa a baya. Ya tambaye ni mene ne aikinsu. Na duba agogo, don ina da taro a Kano da yamma, na ce masa bayanin da tsawo, zan zauna in yi masa wata rana.

"Kai dai, Yaya, kayan baƙi ne, amana ce. Kada wani abu ya same su."

Ya ce to, huɗa fa, idan lokacinta ya yi? Daidai nan wayata ta yi ƙara, wani abokin aiki ne daga Turai. Na ɗaga masa hannu alamar ina zuwa, na koma gefe ina zuba Faransanci. Da na gama sai mota. Ban amsa tambayar ba, ban ma tuna an yi ta ba.

Damina ta sauka, saƙonni suka fara shigowa. Ba a taɓa samun sadarwa mai kyan wannan ba: ko saƙo ɗaya bai ɓace ba, ko ranar da aka kwana ana ruwa. Sai dai lambobin suna da ban mamaki. Kwanaki kaɗan na farko danshi ya ɗan tashi, daga nan ƙasa ta bushe, ta kuma zauna a bushe. Wata ɗalibata mai karatun digiri na uku, Malama Binta, ta same ni a ofis ta ce ko za mu je mu duba, don mahaifiyarta a Kabo take, maƙwabciyar Gwarzo, kuma ta ce ruwa har ya yi yawa a bana. Na gyara tabarau na gaya mata na'ura ba ta jin jita-jita. Gwarzo ba nisa gare ta daga Kano ba, amma a daminar nan sau biyu na je Turai, ban je gida ko sau ɗaya ba.

Shi kuwa Yaya Sale yakan kira duk Juma'a. Ya ce ruwa ya yi gyara, gero ya yi baƙi ƙirin, kayan baƙina kuma suna nan lafiya lau. Ina jin sa yana cewa ruwa ya yi, ina kallon kwamfuta tana cewa bai yi ba, kuma, Allah Ya yafe mini, kwamfutar na gaskata. Na ce a raina manomi ko yayyafi ya gani sai ya ce ruwa.

Maimakon in yi shakka, sai na gina bayani. Na rubuta maƙala cewa ƙasar jigawa ta yankinmu tana tsiyaye ruwa da saurin da ba a san da shi ba. Na je taron abokan aikin a Turai na gabatar da ita, na kwatanta da abin da na gani a bakin kogin Nilu, na amsa tambayoyi da harsuna biyu, aka tafa mini. Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba, shugabar aikin daga can, Farfesa Marta, wata doguwar dattijuwa 'yar manoma. Ta ce tana so ta taɓa wannan ƙasa da hannunta.

Ita da abokan aikinta suka zo dab da kaka, gero ya fitar da kai, na kawo su ƙauye tare da Malama Binta. Dagaci ya sa an shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, liman ya zo, dattawan gari suka zo, aka kawo fura da nono. Yaya Sale ya saka farar rigarsa ta Idi. Na tashi na yi jawabi da Hausa da Turanci a kan yadda ilimi ya dawo gida. Sannan na ja tawaga zuwa gona, ina gaba kamar mai unguwa.

Tun daga bakin gona na fara jin wani iri. Geron ya fi ni tsawo, takalmina yana nutsewa. Farfesa Marta ta sunkuya ta damƙi ƙasa ta matsa, ta dunƙule a hannunta kamar fura. Ta miƙo ta nuna mini. Na ce bari mu ga na'urar farko. Na je inda muka kafa ta, babu. Ta biyu, babu. Na shiga kutsawa cikin gero da babbar riga, ina bankaɗe ganye, gumi yana zuba, jama'a suna tsaye suna kallon Farfesa yana laluben gonar ubansa.

Sai na ji muryar Yaya Sale a bayana, cikin fara'a. "Auta, kayan baƙi kake nema? Ai da ka tambaya."

Ya juya, duk muka bi shi har cikin gida. Tsoho ɗan shekara saba'in da ɗoriya ya tattare riga ya hau rumbu, ya sauko da wani babban daro a rufe da tsohon rawaninsa. Ya ajiye a tsakar gida ya yaye. Ga na'urorina shida a tsaye reras, a kafe cikin busasshen rairayi, ko ƙura babu a kansu. Ya bayyana wa dagaci cewa da ruwan farko ya sauka ya ga yana dukansu, ga kuma huɗa ta matso, garmar shanu ba ta san kayan baƙi ba. Sai ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Da yake ya ga a ƙasa muka kafa su, ya ce wataƙila ba sa son zama sai a ƙasa, shi ne ya tankaɗe musu rairayi mai kyau. Duk mako yakan hau ya goge su. Yana maganar yana kallona, yana jiran in ce madalla.

Ashe watanni huɗu danshin rumbu nake aunawa. Rumbun kuma taku kaɗan ne daga eriya, shi ya sa saƙo bai taɓa ɓacewa ba. Na tsaya a gaban malaman ƙasashe uku na yi musu lacca a kan daron yayana.

Da a nan labarin ya tsaya, da abin dariya ne, da ni ma na daɗe ina ba da shi a wurin shan shayi. Amma bai tsaya ba. Kunya ta hau mini kai, na nemi wanda zan sauke wa, sai na sauke wa wanda ya goya ni a keke. A gaban dagaci da liman da matan gida da ke leƙowa, na ɗaga murya na ce, "Wa ya sa ka? Wannan wane irin jahilci ne? Ka rusa aikin shekara guda!"

Dagaci ya sunkuyar da kai. Liman ya shiga jan carbi. Yaya Sale ya naɗe rawanin a hankali ya rataya a kafaɗa.

Farfesa Marta ba ta jin Hausa, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Ta ce in tambayar mata shi, me aka gaya masa na'urorin suna yi. Babu yadda zan yi, na tambaye shi. Bai kalle ni ba, ita ya kalla.

"Gaya mata ba a gaya mini ba. An ce amana ce. Mu nan idan aka ba ka amana, ba ka barinta a ruwa."

Na yi tafinta a tarurruka da yawa a rayuwata, ban taɓa ɗaukar magana mai nauyin wannan ba. Na juya ta zuwa Turanci da bakina, ban rage komai ba, don ko na rage Malama Binta tana tsaye. Sai Baturiyar ta sa na yi masa bayanin aikin na'urorin, a nan tsaye. Bayanin da na ce yana da tsawo bai kai minti biyar ba. Ya gyaɗa kai ya ce ashe ruwan suke so. Ya ce da ya sani, da ya mayar da su bakin iyaka wajen gamba, inda garma ba ta kaiwa. Ya ƙara da cewa gonar ƙasa iri uku ce, mu kuma duka shidan a iri ɗaya muka kafa. Ya koma da ita gona ya nuna mata inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu. Ta cika shafuka tana rubutu, ni ina biye da su ina fassara, hannuwana a baya.

Ba a soke aikin ba. Na janye maƙalar, aka maimaita gwajin da damina ta zagayo. A ofis abokai suka raɗa mini Farfesan Rumbu, na karɓa, don na cancanta. Wannan duk mai sauƙi ne.

Bayan mako guda na koma gida ni kaɗai. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na cire takalmi na durƙusa kamar yadda nake yi ina yaro, na ce ya yafe mini. Ya yi saurin miƙo hannu ya ce in tashi, rigata za ta ɓaci.

"Ba komai, Farfesa. Ai gaskiya ka faɗa, ban yi boko ba."

Na so ya zage ni. Na so ya ce don wa ya ƙi yin bokon. Bai faɗa ba, kuma bai taɓa faɗa ba. Ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi.

Damina biyu ya ƙara yi a duniya. Shi ya kula da na'urorin, kuma daga gonarsa aka sami sakamakon da ya fi na ko'ina inganci. Ya ci gaba da kira duk Juma'a, gaisuwa cikakkiya, har jikoki sai ya tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma duk Juma'a ina kasa kunne ko zai manta ya yi suɓul da baka. Bai manta ba. Ranar da na ga jikinsa ya yi tsanani na zauna a gefen gadonsa na riƙe hannunsa, ya buɗe ido ya sa mini albarka mai tsawo, ya rufe da Farfesa.

Na ga manoma a ƙasashe da dama, kuma ko'ina na je na zauna na saurare su da littafi a hannu, saboda baƙi ne a wurina. Na gida ne kawai na ga ba sai na zauna ba. Yanzu idan matasan malamai suka zo gaishe ni, nakan ce musu kafin su gaskata kwamfuta su je su damƙi ƙasa, kuma idan tsoho ya yi tambaya, su bar waya ta yi ta ƙara.

A sabuwar manhajar sashenmu, ba a barin ɗalibi ya kafa na'ura a gonar kowa sai ya yi mako biyu tare da mai gonar, ya yi masa bayani, ya kuma rubuta abin da manomin ya ce. Farfesa Marta ce ta kawo shawarar, ni na sa hannu. Wannan ya zauna, kuma ɗalibai suna amfana. Ni kuwa tun daga ranar da aka sauko da daron nan daga rumbu, babu wanda ya sake kirana Auta.