Wayar Atine Ta Kamu da Shawara

A ƙauyen Rafin Gora akwai wani mutum, Nomau, wanda in ka ce masa ya jira ka a nan, to ka tabbata ka dawo ka sallame shi, in ba haka ba nan zai wuni. Su biyu ne a gidan, shi da matarsa Atine mai ɗinkin hula. Masu saye kan turo mata zanen da suke so ta waya, ita kuma ta ƙura wa wayar ido tana kwaikwaya, har bayan an fito sallar isha. Da haka idanunta suka kaɗa suka yi ja, kullum suna ruwa. Tsoro ya kama ta, don da makanta mahaifiyarta ta rasu. Nomau kuwa ya fi ta tsorata.

Wata rana ya raka ta asibiti. Sista ta duba ta ce, "Farin hasken nan ke gajiyar da idon. A rage mata kallon fari." Nomau ya ce, "An gama." Kafin la'asar ya kai farar akuyarsu gidan maƙwabci, ya shafe bangon ɗaki da jar ƙasa, ya tuɓe farar rigarsa ya ɓoye. Mai nono ta yi sallama, ya tare ta a zaure: "Yi haƙuri 'yar Fillo, asibiti sun hana." Furar ranar da ruwa aka dama ta, Atine tana sha tana dariya.

Wata rana kuma Isuhu mai cajin waya ya ji labari, ya sa wa wayar wata manhaja. Ya ce, "Baba Nomau, wannan rana take bi. Da ta ga rana ta faɗi, sai ta sassauta hasken, ido ya huta." Nomau ya shiga nazari. Wayar da ke cikin ɗaki, ina za ta ga faɗuwar rana? Tun daga ranar, kullum da yamma sai ya hau turmi a jikin katanga, ya ɗaga ta sama tana kallon yamma. Ranar da hadari ya rufe gari, ya kara ta a baki ya ce, "Ta faɗi fa, ni shaida ne." Hasken ya sauya, bawan Allah ya sauko yana ta jin daɗi an yarda da maganarsa.

Wata rana sai ya lura cewa in hasken ya sauya, fuskar wayar ruwan ɗorawa take komawa. Shi a saninsa, fuskar da ta yi haka shawara ce. Ya ruga wurin maƙwabciyarsu Iya Tabawa. "Iya, me ake yi wa mai shawara?" Ba ta tambayi ko wane ne ba, ta ce, "A ba shi rake, ya kwanta da wuri."

Da magariba ya kwantar da wayar a faifai, ya ajiye mata gaɓar rake, ya lulluɓe ta da zani.

"Malam, ba ni mana, ban gama hular nan ba."

"Haba Atine, ba ki da tausayi? Ita ma ido gare ta."

Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, sai ta ga hankalinsa a tashe yake da gaske, tausayinsa ya kama ta. Ta ajiye allura. Suka zauna a tabarma suna hira, tana shan raken mara lafiya. Haka suka riƙa yi kullum.

Da suka koma asibiti, jan idon ya washe, ruwan ya tsaya. Sista ta ji yadda aka yi, ta ce, "Manhajar ta taimaka, amma hutun nan shi ne maganin." Nomau bai bi ta kan wannan ba. A hanya ya matso kusa da matarsa, ya rage murya.

"To ita wayar fa, kina ganin ta warke?"

Atine ta dube shi da idanunta garau.

"Da sauƙi, Malam. Amma ka ci gaba da kwantar da ita."