Ƙwayar Baffan Ango

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so, shi ne ɗaurin auren ɗan ƙanena a Gazawa.

Ina da sankarar jini, irin mai bin jiki a hankali. Likita a Maraɗi ya ce muddin ina haɗiyar ƙwaya ɗaya kullum da abincin rana zan ci gaba da harkokina, amma fa babu ranar dainawa. Ni kuwa da na ji ƙarfi ya dawo sai na fara tsallake (yau kasuwar Gidan Rumji, gobe "ai na warke"). Gwajin jini ya tona min asiri. Likita ya yi faɗa, matata ta ninka. Ta ƙwace wayata ta naɗi muryarta, ta mai da ita ƙararrawar tuni. Ban da ita babu wanda ya san da ciwon, don na tsani kallon tausayi.

Ranar ni ne wakilin ango. Tun a mota hankalina ba a kwance yake ba: direba na tsayawa kowane ƙauye, mun makara, ga cikina wayam. Dangin amarya kuwa mutane ne masu tsananin bincike, sai da suka tabbatar yaronmu ba ya shaye-shaye kafin su amsa.

Liman ya yi gyaran murya, wuri ya yi tsit, ya dube ni in nemi aure. Na buɗe baki ke nan, aljihuna ya riga ni:

"Malam! Ka sha ƙwayarka, ko sai na zo na ɗura maka?"

Wayyo babbar riga! Na laluba nan na ji goro, na laluba can na ji makulli, ita kuwa baiwar Allah sai maimaitawa take, kowane karo kamar ta fi fushi. Gumi ya wanke ni. Samari a baya suna ƙunshe dariya (a bakinsu ai ƙwaya iri ɗaya ce, ta 'yan maye).

Waliyyin amarya, wani dattijo mara wasa, ya ɗaga hannu. "Liman, dakata tukuna. Mun binciki yaro, ashe baffan ya kamata mu bincika."

Na dubi ango, idonsa ya cika da ƙwalla. Ko in faɗi ciwona, ko aurensa ya watse a kan tabarmar nan. Na zaro kwalin maganin na ce, "Alhaji, sankarar jini gare ni. Ƙwayar nan ce ke riƙe da ni, bayan ikon Allah."

Na jira kallon tausayin. Sai dattijo ya daka min tsawa: "Shi ne kake zaune kana kallonmu? A kawo mishi hura! Ba a ɗaura komi sai ya sha."

Haka na kafa kai na sha fura, na haɗiye ƙwayata, jama'a duk sun zuba wa maƙogwarona ido. Da ta wuce liman ya ce alhamdu lillahi, sannan aka ɗaura.

Yanzu in na sauka tashar Gazawa, 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, waɗanda ban taɓa gani ba, sai su kwaɗa min kira, "Baffa, an sha?" Na dai koyi darasi: wanda ya ƙi jin tunin mutum ɗaya a ɗaki, gari guda ne zai riƙa tuna masa a titi.