Rasuwar Firijin da Ke Riƙe da Allurar Hajo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, ni Hanne, a madadin gidanmu da ke Kademi, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Gaya da Ajingi rasuwar firijinmu mai aiki da sola, wanda yaran unguwa ke kira Alhaji saboda farin jikinsa da rashin son hayaniya. Ya cika ranar Talata da hantsi, ba tare da ya yi jinya ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ɗanɗana wutar gwamnati ba, bai kuma taɓa tambayarta ba. Rana yake ci, ya ajiye saura a batir. Maganarsa ba ta wuce "hmmmm", in ya gaji ya ce "ƙat", ya huta, ya ci gaba. Ya sanyaya zoɓo da kunun aya, ya riƙe naman layyar maƙwabta, har da na waɗanda ba sa gaishe mu. Amma aikin da aka kawo shi gidan dominsa shi ne riƙon allurar ciwon sugan mahaifiyata Hajo, allurar da ba ta shiri da zafi. Kullum kafin ta karya kumallo sai an buɗe shi an ɗauko. Ko sau ɗaya bai ba mu kunya ba.

Masu tambayar abin da ya same shi sun yi yawa, bakina ya gaji, don haka zan faɗa a nan kowa ya ji. Wutar batir ba irin ta gari ba ce da za ka juya filogi yadda ka ga dama. Akwai fositif, akwai nagatif, kowa da ƙofarsa. Shi ya sa ake sa jar waya a fositif, baƙa a nagatif. Ranar da Babagana mai haɗa sola ya zo daga Gaya ya kafa mana firijin, jar wayarsa ta ƙare. Sai ya ja baƙaƙe guda biyu, ya yi wa ta fositif ƙulli a baki, ya ce haka ubangidansa ya koya masa, kuma kowa ya sani. Na ce to. Ni me na sani?

Da bazara ta kama, rana ta riƙa dukan bangon ɗakin da firijin yake ciki, muka ce a mai da shi ɗakin Hajo. Ƙanena Abdulmuttalib, mai gyaran wayarin ɗin adaidaita sahu a Ajingi, ya zo gaishe ta ya tarar da zancen. Ya ce, "Haba Yaya, wannan ai ba sai an kira kowa ba." Ya kwance, muka ɗauka, muka ajiye. Ya ga baƙaƙen wayoyi, ya ga ƙulli. A garejinsu nagatif ake yi wa ƙulli. Shi ma haka ubangidansa ya koya masa, shi ma kowa ya sani. Ya yi bisimilla ya haɗa.

Marigayin ya ce "tas". Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Ɗan hayaƙi ya fito ta bayansa, ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba. Fis ɗin da ya kamata ya mutu a madadinsa, ashe tun bara wani ya naɗe shi da zaren waya. Ina tsaye da robar zoɓo a hannu. Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba. Har yanzu ina jiran in ji wani abu a raina, shiru.

Babagana ya zo ya duba, ya ce allon lantarkin da ke cikin firijin ya ƙone, sai an kai Kano, kuma ba lallai a samu irinsa ba. Shi da Abdulmuttalib suka zauna a zaure suna musu har la'asar, kowa yana kafa hujja da ubangidansa. Duk na yarda da su, ba wanda nake tuhuma. Na dai san da wayar nan ja ce, ko Hajo da idonta ya yi rauni za ta haɗa daidai.

Ya rasu ya bar farantan sola biyu a kan rufi, suna ta shan rana ba su san an yi rashi ba. Ya bar batir cike da wuta babu wanda zai ba wa, da zoɓon da ya yi tsami. Ya kuma bar kwalaben allurar Hajo, a ɗaure a leda cikin randa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce randar ta fi babu, amma a zafin nan kada mu sakankance. Hajo takan tashi ta taɓa jikin randar da bayan hannu, ta koma ta zauna.

Za a fitar da gawar ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Abdulmuttalib ne zai ɗauke ta zuwa tashar Gaya, daga nan bas ta wuce da ita Kano. In masu gyara sun tabbatar babu sauran rai, a can za a bar wa 'yan gwangwan ita.

Zaman makoki a gidanmu ne, kuma ba mu sa ranar tashi ba. Ba ma buƙatar goro ko hatsi. Duk mai zuwa ta'aziyya daga Gaya, ya taimaka ya sayo ƙanƙarar da za mu jefa a randa, ya naɗe ta da buhu sosai, ya hau babur, kada ya tsaya gaisawa a hanya. Kuma don Allah kada ku taru rana ɗaya. Wani ya zo yau, wani gobe.